Idan tsohuwar mota ta fara yawo a kan titi: yadda ake gano abin da ya ci a ƙafarta

Akwai ƙorafin da makanikan ƙafar mota suka fi ji daga masu tsofaffin motoci, kuma kusan da kalmomi iri ɗaya ake kawo shi: motar tana yawo, ba ta zama a hannu, sai direba ya yi ta murza sitiyari hagu da dama kafin ya riƙe ta a layinta. Wani ya ce da ya haura gudun kilomita 80 sai ya ji kamar a kwalekwale yake, wani ya ce idan tirela ta wuce shi iskarta kamar za ta ture shi, wani kuma ya ce da ya taka birki sai motar ta karkata gefe guda. Ruɗanin yana farawa ne daga amsar da ake ba su. Mai alaimen, wato mai daidaita tsayuwar tayoyi, zai ce alaimen ne, mai sayar da kaya zai ce shokazoba ce, wani makanike kuma ya ce sai an sauke rak ɗin sitiyari gaba ɗaya.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin kayan gyara ya kai matsayin da mai mota ba zai iya sayen duk abin da aka lissafa masa don kawai a gwada a gani ba. Ga kuma cibiyoyin gwajin mota da kwamfuta a irin su Legas da Abuja, inda ake ɗora mota a kan na'ura a duba birkinta da ƙafarta kafin a ba da takardar shaidar lafiyarta, kuma motar da mai ita yake ganin lafiyarta ƙalau tana iya faɗuwa a wannan gwaji. Saboda haka tambayar da ta kamata a fara yi ita ce ta yaya ake gano abin da ya lalace, kafin a zo ga batun abin da za a saya.

Abin da ake nufi da ƙafar mota

Abin da makanikai ke kira ƙafa ya haɗa duk ƙarafa da robobin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota. Sifirin shi ne yake ɗauke da nauyin motar. Shokazoba aikinta ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an faɗa rami, kuma tana yin haka ne ta hanyar tilasta wa mai ya ratsa wasu ƙananan ƙofofi a cikin bututunta. Hannun ƙasa, wanda wasu ke kira lowa-am wasu kuma kamba, shi ke riƙe taya a mazauninta. A inda ya haɗu da jikin mota akwai bushin, wato roba mai kauri da aka matse tsakanin ƙarfe biyu, a ɗaya bakin kuma, wajen taya, akwai boljoyin, wanda ya yi kama da gaɓar ƙugun mutum: dunƙulen ƙarfe mai santsi da ke juyawa a cikin kwanonsa, an cika shi da giris an rufe da 'yar roba. Umarnin sitiyari yana isa ga taya ne ta cikin rak, daga nan zuwa tayarod na ciki, sannan tayarod na waje. Sai sandar da ke hana mota kwanciya a kwana tare da linkejinta, sai kuma boris da taya ke juyawa a kansa.

Kafin a taɓa sifana, yana da kyau a bambanta alamomi huɗu da ake yawan cakuɗawa. Yawo shi ne mota ta riƙa karkata wani lokaci hagu wani lokaci dama ba tare da an umarce ta ba. Ja shi ne ta riƙa nufar gefe ɗaya kullum idan an sassauta hannu. Rawa ita ce karkarwar da ake ji a sitiyari ko a kujera a wani gudu na musamman. Lilo kuwa shi ne mota ta ci gaba da hawa da sauka bayan ta wuce tudu ko kwari. Kowace daga cikinsu tana da inda ta fi nunawa, kuma direban da ya iya faɗin wadda yake ji, da gudun da take farawa, da ko a kan birki ne ko a kwana, ya rage wa makanike rabin aiki.

Abin da ya sa yawo ya fi wuyar ganowa shi ne, a motar da ta ci tafiya, ba kasafai ake samun abu ɗaya da ya lalace fata-fata ba. Tayarod na waje yana ɗan wasa, na ciki ma haka, bushin ya yi laushi, rak ya ɗan ci a tsakiya inda aka fi amfani da shi. Idan aka duba kowanne shi kaɗai sai a ce ai zai ƙara kai wani lokaci, amma idan aka tara su sai taya ta sami filin da za ta bi son ranta. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka ɗan jinkiri tsakanin murza sitiyari da amsawar taya yana iya zama faɗin rabin layi.

Dalilin da ya sa ƙafa take saurin ci

Mafi yawan motocin da ke kan titunanmu sun riga sun yi rayuwa guda a Amurka, Kanada ko Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Waɗanda suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, wato motar da agogonta ya nuna 150,000 ta riga ta ci kimanin kilomita 240,000. Wannan ma idan ba a mayar da agogon baya ba ke nan. Motocin Kanada da arewacin Amurka suna da ƙarin matsala, domin gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota, har ya kai ga mazaunin da hannun ƙasa yake ɗaure.

Da motar ta iso nan sai ta haɗu da wasu abokan gaba. Zafin bazara a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram yana haura digiri 40, yana busar da roba har ta tsage. Da zarar 'yar robar da ta rufe boljoyin ko tayarod ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga su gauraya da giris, su mayar da shi tamkar yashin goge ƙarfe. Yawancin gaɓoɓin da ake cewa rami ne ya kashe su, wannan 'yar robar ce ta fara ba da ƙofa, ramin ƙarasawa kawai ya yi. Sai gargada, da tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa yadda suka ga dama, da kuma lodi. Motar Sharan da aka ƙera don mutum bakwai tana ɗaukar fiye da haka a tasha, ga buhuna a baya har ƙofar ba ta rufuwa. Idan baya ya nutse, gaba yana ɗagawa, nauyin da ke danne tayoyin gaba ya ragu, sitiyari ya yi sakayau ko da babu abin da ya lalace.

Lissafin motar haya kuma daban yake. Tsakanin Kano da Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Direban da ke zuwa ya dawo a rana, kwana 25 a wata, ya ci kilomita 11,500, a shekara kuma ya kusan 140,000. Abin da motar ma'aikacin ofis za ta ci a shekaru da yawa shi yake ci a shekara guda. Tsofaffin direbobi sukan yabi Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975 saboda yadda ƙafarta ke shanye rami, kuma yabon yana da tushe, domin doguwar ƙafa ce mai laushi da tsayi daga ƙasa, saɓanin yawancin ƙananan motocin yanzu da aka tsara don shimfiɗaɗɗiyar kwalta.

A fara da taya

Binciken da ya yi tsari yana farawa ne daga abin da ya fi araha, kuma babu abin da ya kai iskar taya araha. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci bai wuce 30 zuwa 35 a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi ba. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita ce abin da motar ke buƙata ba, amma sau da yawa ita mai faci yake bi, ko ma ya ƙwanƙwasa taya da ƙarfe ya ce ta yi. Tayar da aka cika fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa sosai, sai mota ta riƙa tsalle tana zillo. Wadda iskarta ta yi ƙasa kuma tana sa sitiyari nauyi da jinkirin amsawa, tana kuma ja zuwa gefenta.

Fuskar taya tana ba da labarin ƙafar da ke ɗauke da ita. Idan tsakiya ya cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu suka cinye, iska ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne, musamman na ciki wanda ba a gani sai an durƙusa, to tsayuwar taya ta karkace. Idan aka shafa tafin hannu a kan zanen aka ji santsi ta wani ɓangare, kaifi kamar haƙoran zarto ta ɗaya ɓangaren, tayoyin gaba ba sa kallon wuri ɗaya, kuma tayarod ne abin zargi na farko. Idan kuwa aka ga cin ya yi kwari-kwari a zagaye, tayar tana tsalle ne a kan titi, alamar shokazoba ta gaji ko balansin, wato daidaiton nauyin taya a zagayenta, ya ɓaci. Akwai kuma gwaji mai sauƙi ga motar da ke ja: a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Idan jan ya koma ɗaya gefen, laifin taya ne, babu ruwan ƙafa. Sai dai a tuna cewa ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya wuce, saboda haka ɗan karkata zuwa dama a hankali ba lallai ciwo ba ne.

Game da shekarun taya, akwai bambancin matsayi. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wayar da kai cewa taya tana ƙarewa bayan shekara huɗu da ƙera ta, yayin da kamfanin Michelin ke ba da shawarar a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta yana da kyau. Masu goyon bayan matsayin hukumar suna kafa hujja da zafi da lodi da yawan tayoyin gwanjo da ba a san yadda aka ajiye su ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne tayoyi mabambanta iri ko girma a gaban mota ɗaya suna iya haifar da yawo da ja su kaɗai.

Gwajin sitiyari da gaɓoɓi

Gwajin da ya fi fallasa wasa yana buƙatar mutum biyu, kuma ana yin sa ne motar tana tsaye a kan tayoyinta, zai fi kyau a kan ramin gareji. Ɗaya ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan da sauri, ɗayan yana ƙasa da tocila, yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora yatsu a kan kowace mahaɗa. Gaɓa mai lafiya ɓangarorinta biyu tare suke motsi. Wadda ta ci, ɓangare ɗaya zai fara tafiya kafin ɗayan ya bi, kuma yatsa yana jin wannan ɗan bugun tun kafin ido ya gan shi. Tayarod na ciki yana ɓoye a cikin robar rak, don haka sai an matse robar da hannu ake jin sa. A nan ne kuma ake kama rak ɗin da shi kansa yake zamewa a mazauninsa saboda robobin da suka riƙe shi sun mutu, matsalar da ake warwarewa da kuɗi kaɗan amma sau da yawa ake sayar wa mai mota rak guda a kanta. Idan an ga man fawa, wato man da ke sauƙaƙa murza sitiyari, ya taru a cikin robar, wannan kam rak ɗin ne yake yoyo.

Daga nan sai a ɗaga motar, a tokare ta da abin da ya fi jak aminci kafin kowa ya sa kansa a ƙasa. A kama taya hannu ɗaya a gaba ɗaya a baya a girgiza. Wasa a nan ya fi nuna tayarod. A kama hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wasa a nan yana nuna boljoyin ko boris. Don a raba gardama tsakaninsu sai wani ya taka birki a sake girgizawa: idan wasan ya ɓace, boris ne, idan ya ci gaba, gaɓa ce. Inda ake sa jak ma yana da tasiri, domin a motocin da sifirin yake zaune a kan hannun ƙasa ƙarfinsa yana iya danne boljoyin ya ɓoye wasansa, sai an tokare hannun an sa dogon ƙarfe ƙarƙashin taya an ɗaga sannan ya bayyana. Bushin kuma da ƙarfen banƙara ake gwada shi. Ƙananan tsagu a fuskar roba tsufa ne kawai, amma robar da ta rabu da ƙarfenta, ko hannun da ke tafiya gaba da baya ba tare da turjiya ba, shi ne ke sa taya ta ja baya idan an taka birki, motar ta kauce.

Wanda ya taɓa riƙe sabon boljoyin da tsoho a hannu biyu ba ya buƙatar dogon bayani. Sabon sai an sa ƙarfi kafin sandarsa ta karkata, kuma inda aka bar ta nan take tsayawa. Tsohon da an juya shi sandar take faɗuwa gefe da kanta, idan aka ja ta sama a ji ƙwas, a bakin yagaggiyar robar kuma a ga wani jan gari kamar na jar ƙasa a maimakon giris. Wannan garin tsatsar ƙarfen gaɓar ce da ke niƙe kanta.

Ƙara ba ita ce ma'aunin haɗari ba

Masu mota sun fi gaggawar zuwa gareji a kan abin da ke damun kunne, alhali abin da ya fi surutu a ƙafa shi ne ya fi ƙarancin haɗari. Ƙwanƙwasar da ake ji a kan ƙananan ramuka da gargada yawanci linkeji ne ko robar sandarsa, kuma mota ba ta rasa taya saboda su. Ƙas-ƙas a jere yayin da aka karya sitiyari ana tafiya a hankali, kan shaf ne, wato gaɓar sandar da ke juya taya. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an ɗan karkata hagu ko dama, boris ne. Rawar sitiyari da ke zuwa wajen gudun kilomita 90 zuwa 110 ta lafa idan an wuce ko an rage, balansin ne ko lanƙwasasshen wili, amma idan sai an taka birki take zuwa, a duba faifan birki. Ja a kan birki kaɗai kuma yana iya zama birkin gefe ɗaya ne ya maƙale, wanda ake ganewa da zafin da wili ɗaya yake yi fiye da ɗan uwansa bayan tafiya.

Boljoyin kuwa yana iya kaiwa gargara da 'yar ƙara kaɗan, wani lokaci ɗan kukan ƙofa kawai idan ana murza sitiyari. Mutane da yawa sun sha ganin Honda Accord a gefen titi ta durƙusa, tayar gaba ta kwanta a cikin mazauninta, har abin ya zama tambarin da ake yi wa motar. Bayanin yana cikin tsarin ƙafar. Corolla da Camry suna amfani da tsarin MacPherson, inda nauyin mota ke bi ta sifirin da shokazoba ya sauka kai tsaye a kan ƙarfen da ke riƙe taya, boljoyin na ƙasa jagora kawai yake yi. Accord kuwa, har zuwa ƙirar 2012, hannu biyu gare ta a gaba, na sama da na ƙasa, kuma a ƙirar da suka fi yawa a nan, irin na 1998 zuwa 2007, nauyin yana sauka ne a kan hannun ƙasa, yana jan sandar boljoyin kamar zai zare ta daga kwanonta. Muddin gaɓar tana da lafiya tsarin yana ba da tuƙi mai daɗi da riƙe titi. Idan ta ci, ko aka sa jabu, rabuwa take yi. Abin yakan faru a ƙaramin gudu, wajen kwana ko hawa tudu, amma ba shi da alƙawarin hakan.

Shokazoba da ƙafar baya

Gwajin da kowa ya sani, na danna kusurwar mota a saki a ga ko za ta yi lilo, shokazobar da ta mutu murus kaɗai yake kamawa. Wadda ta rasa rabin ƙarfinta tana iya tsallake shi, sai a kan hanya take nuna kanta: gaba ya nutse sosai a birki, mota ta kwanta a kwana, ta yi lilo biyu ko uku bayan gada. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba hukunci ba ne, amma man da ya gangaro har ƙasan bututu hukunci ne. Illarta ba rashin jin daɗi kaɗai ba ce, domin tayar da ke tsalle ba ta riƙe ƙasa, birki kuma da ƙasa yake aiki. Sifirin da ya gaji ana gane shi da awo daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin mota, a kwatanta hagu da dama a wuri mai daidai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya a gaba. Sau da yawa an canza duk kayan gaba motar ba ta daina yawo ba, saboda bushin ɗin baya ne suka mutu, tayoyin baya suna karkata da kansu suna tuƙa motar daga baya. Direba yana jin haka kamar ƙugun motar yana kaɗawa, musamman idan ya saki totur ko ya sauya layi. Robobin gatarin bayan Golf da sandunan bayan Camry da Peugeot 406 duk wurare ne da ya kamata ƙarfen banƙara ya ziyarta.

Inda ra'ayi ya bambanta

Wasu makanikai suna ganin idan mota ta kai wani matsayi gara a sauke ƙafar gaba duka a sa sabuwa. Hujjarsu ita ce kayan tare suka tsufa, kuɗin aiki da na alaimen sau ɗaya za a biya, kuma sabon abu a tsakiyar tsofaffi ba ya daɗewa. Wasu kuma suna ganin a canza abin da gwaji ya kama kawai, domin kayan asali da motar ta zo da su, ko sun tsufa, sukan fi sababbin da ke kasuwa inganci, kuma an sha cire lafiyayyen abu a sa wanda bai kai wata uku ba. Matsayi na farko ya fi dacewa da motar haya da ba ta son yawan kwana a gareji, na biyu kuma da mai ƙaramin ƙarfi da yake da makanike mai haƙurin bincike. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne shokazoba da sifirin bibbiyu ake canza su, hagu da dama. Ko a nan akwai saɓani kan lokaci: kamfanonin da ke ƙera shokazoba sukan ambaci kimanin kilomita 80,000, masu ƙera motoci kuwa yawanci cewa suke a duba halin da take ciki.

Gardama ta biyu ita ce tsakanin kayan Beljiyam da sababbi. A Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, mai saye zai tarar da na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai sunan kamfanin da aka sani, da sabo mai araha, da kuma jabu a cikin kwalin gangariya. Masu son Beljiyam suna cewa ƙarfen asali ne. Gaskiya ne, kuma ga abin da ƙarfe ne zalla, kamar hannun ƙasa ko ƙarfen da ke riƙe boris, hujjar tana da ƙarfi. Amma ga roba da gaɓa da shokazoba cinikin biri a sama ne, tunda babu wanda ya san tafiyar da suka riga suka ci, kuma fenti da wanki suna ɓoye shekaru. Akwai kuma dabarun rage kuɗi da suka yaɗu: yanka tsohuwar taya a yi bushin, bubbuga kwanon boljoyin da guduma don ya matse, yi masa walda, ko huda shokazoba a ɗura mata mai. Bushin ɗin taya yana iya kai mota gida, ko da yake yana da tauri yana kuma sauya tsayuwar ƙafa. Bugun boljoyin da walda kuwa gyaran gangar auzinawa ne, domin wasan ne yake ɓuya, cin da ƙarfen ya yi yana nan, zafin walda kuma yana narka abin da ke cikin kwanon.

Sai batun alaimen, na igiya da ido ko na kwamfuta. Gwani da igiya yana iya daidaita kallon tayoyin gaba daidai gwargwado, amma na'ura tana auna kusurwoyin tayoyi huɗu, tana kuma tona asirin ƙarfen da ya lanƙwashe ko jikin da ya taɓa yin haɗari. Ita ma na'urar sai an daidaita ta kuma mai aiki da ita ya san abin da yake karantawa. Ko wanne aka zaɓa, alaimen shi ne aikin ƙarshe. Idan aka yi shi a kan tayarod mai wasa, lambobin za su yi kyau a allo, su watse a ramin farko.

Abin da ya shafi mai mota da fasinja

Ga mai mota, jinkiri yana da farashin da ake iya lissafawa. Idan tazarar da ke tsakanin gaban tayoyin gaba da bayansu ta kauce da milimita 3 kacal, daidai yake da a riƙa jan tayoyin a kaikaice kusan mita 5 a kowane kilomita. A haka tayarod mai arha yake cinye tayoyi biyu masu tsada, ya kuma ƙara shan mai. Bayan gyara akwai abubuwan da mai mota yake da haƙƙin tambaya: a nuna masa wasan da idonsa kafin a kwance, a ba shi tsofaffin kayan da aka cire, a ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar a kan tayoyinta, domin idan aka ɗaure su ƙafa tana rataye robar tana zama a murɗe ta yage da wuri. Ya kuma leƙa ya ga an mayar da 'yar filin da ke kulle notin boljoyin da na tayarod a motocin da ke da ita, ba a bar ramin fayau ko an cusa tsatsattsiyar ƙusa ba.

Mai shirin sayen mota zai fi amfana da minti goma a kan ramin gareji fiye da kallon agogon tafiya, kuma sababbin tayoyi a gaban tsohuwar mota dalili ne na ƙara dubawa, tunda tsofaffin da aka cire su ne ke ɗauke da shaidar. Direban haya da ke aiki da motar wani yana cikin tsaka mai wuya, saboda shi ke jin yawon a hannunsa amma mai motar ne ke riƙe da kuɗin gyara, kuma kwana ɗaya a gareji kwana ɗaya ne babu balas. Fasinja a tasha ba shi da jak ko tocila, amma yana iya tsayawa a gaban motar kafin ya shiga ya kalli tayoyin gaba biyu: idan ɗaya ta kwanta ciki fiye da 'yar uwarta, ko gefenta na ciki ya cinye har waya ta fito, wannan motar ta daɗe tana tafiya a kan ƙafar da ba a duba ba.